Kwalin Takalmin Baffa Gligor

"Blaga, ki bar tukunyar nan na minti biyar, ba guduwa za ta yi ba."

"Kamawa za ta yi, Baffa. Faɗi abin da za ka faɗa, ina jin ka."

Baffa Gligor ne, maƙwabcinmu, ya jingina da shingen da ke tsakanin gidajenmu, rungume da jan kwalin takalmi. Ƙarshen Satumba ne, duk garinmu Negotino ya ɗauki ƙaurin gasasshen tattasai, kowace mace tana tsakar gida tana tuƙa aivar, miyar tattasan da za a ɗura a kwalabe saboda hunturu. Shi kuwa ya rasa ranar da zai zo mini da zancen Payoniyawa sai wannan.

Tsohon malamin tarihi ne. Shekara arba'in yana bin sawun harshen Payoniyawan nan, mutanen da suka zauna bakin kogin Vardar tun kafin haihuwar Almasihu. Abin da ya rage na harshen bai cika tafin hannu ba: sunayen sarakuna a jikin tsofaffin kuɗi, sunan ɓauna, sunan kifi iri biyu. Wasu masana sun ce dangin harshen Iliriyawa ne, wasu sun ce na Tarakiyawa, duk tsofaffin ƙabilun yankin, wasu sun ja shi zuwa Girkanci. Shi kuma ya bi ƙauyukan kan tudu a ƙafa, yana tambayar tsofaffin makiyaya sunan kowace maɓuɓɓuga da kowane dutse, yana rubutawa a 'yan katuna. Makiyayan duk sun mutu, ƙauyukan ma yanzu sai karnuka.

Mijina Risto ya leƙo daga wajen garwashi. "Farfesa, yau dai ka gaya mana. Mutanen nan naka, kakanninmu ne ko na ƙasashen maƙwabta?"

"Ban sani ba tukuna."

"Shekara arba'in? Da inabi ka shuka da yanzu ka aurar da jikoki da shi."

Baffa bai kula shi ba. Ya ce da ni akwai wata malamar jami'a a Skopje, babban birninmu, da ta yarda za ta duba katunan, ƙafarsa kuma ba za ta iya hawa bas ba. "Akwai sunaye goma sha ɗaya a gaban kwalin, na ɗaure su da zare. Ni na kasa yanke musu hukunci, wataƙila ita ta iya. Ki karɓa ki ajiye a wajenki."

"Dubi hannuna, duk mai. Ka bari mu gama aivar, ranar Litinin zan zo in ɗauka."

Ya juya da kwalinsa. Har yau in na tuna ba abin da ya hana ni goge hannu a zane sai ganda, haushin kaina nake ji.

Ranar Asabar da hantsi ƙanwarsa Slavka, wadda take riƙe masa gida tun rasuwar matarsa, ta same shi ya cika a kan kujera ƙarƙashin inabi, kofinsa ko kurɓa bai yi ba.

Washegari na shiga da furanni da kyandir. An rufe madubai, an kwantar da shi a falo cikin baƙar kwat ɗinsa. Slavka ta yi duk abin da ake yi: tabarau a aljihu, hula a gefensa, sandarsa, don kada ya rasa komai a can. Sai na dubi wajen ƙafafunsa, na ga jan kwalin.

Na ja ta zuwa kicin. "Inna Slavka, kwalin nan ba na binnewa ba ne. Ya ce in kai Skopje."

"Ya ce ki kai? To me ya sa yake ɗakinsa?"

Ba ta jira amsata ba.

"Shekara arba'in ina share ƙurar takardun nan," ta ce. "Ya fi son su da abinci, ya fi son su da ni. In tura shi babu su, ya dawo yana buɗe mini durowa yana nema?"

"A bar masa kwalin, ki ba ni katunan kawai. Ko 'yan goma sha ɗayan nan."

"Abin da ya shiga akwatin mamaci ba ya fita, Blaga. Uwarki ba ta gaya miki ba?"

Na tare fadan cocinmu a bakin ƙofa, ya ce wannan maganar iyali ce. Na je wa Risto, ya ce in rufa masa asiri, kada in sa a yi da mu a unguwa saboda sunan kifi. Na yi tunanin in sunkuya kamar zan sumbaci hannun mamacin in zare ɗaurin. Na sunkuya ɗin, amma tsofaffi shida suna zaune sun zuba mini ido, hannuna ya ƙi zuwa. A maƙabarta ina tsaye aka buga ƙusa, na watsa ƙasata kamar kowa, takaici ya hana ni kuka.

Ranar Laraba malamar ta bugo wayar gidansa, Slavka ta aiko a kira ni. Na gaya mata abin da ya faru. Ta tambaya ko akwai kwafi. Na ce mutumin da ko talabijin ba ya kunnawa, ina zai samu kwafi.

Bayan addu'ar arba'in na sauka ɗakin ajiya ɗauko aivar. A nan na tuna cewa duk shekara yakan ba ni katunan da ya ɓata, in rubuta shekara a bayansu in ɗaura a wuyan kwalabe. Na juya na farko. Rubutunsa ne, ƙanana kamar tururuwa: sunan wata maɓuɓɓuga, sunan makiyayin da ya gaya masa, sai kalma uku a ƙasa, Iliriya, Tarakiya, Girka, ya soke kowacce da layi.

Na bi kanta ina juya sauran ɗaya bayan ɗaya. Na kwance guda tara, na jera su a bakin taga inda rana take shigowa, don mai ya taɓa wasu.