Ranar da Luba Ta Kira 'Yar Fari

Barista Kamalu ya iso Abare da hantsi, cikin baƙar kwat da igiyar wuya, a watan da ko kaji ba su shiga rana. Sahura ta shimfiɗa mai tabarma a tsakar gidan yayarta Luba. Ya ciro hankici ya shimfiɗa bisa tabarmar, sannan ya zauna. Ɗan Gummi ne, Sahura ta san gidansu, innarsa ma ƙuli take saidawa bakin tasha. Shekara tara ya yi a Abuja, yanzu ko "to" zai ce sai ya biyo da ita ta turanci.

Amma abin da ya kawo shi ba na wasa ba ne. Wani kamfanin ƙasar waje da ya riƙa sayen zinarin garin, yana raba injin niƙan dutse har cikin gidaje, an kai shi kotu can ƙasarsu. An ce ya san akwai dalma a dutsen, ya yi shiru. Kowace uwa za ta faɗi sunan ɗan da gubar ta taɓa, da bakinta, gaban kyamara. Wanda ba a faɗa ba, ba ya cikin ƙara, ba ya cikin maganin da ake nema musu. Yau kuma ake rufe karɓar sunaye.

Mubina, ɗiyar Luba yayar Sahura, tana goye aka yi niƙan nan. Yanzu shekarunta sha shida, hannunta na rawa, magana na zo mata a hankali.

Barista ya kafa kyamara, ya maƙala wa Luba ɗan abin magana a mayafi, ya gyara murya kamar zai karanta labaran duniya.

"Hajiya, mene ne sunan 'yarki?"

Luba ta dubi tafin ƙafarta. "Waccan."

"Suna nake tambaya."

"Ga ta can tana tsince wake."

"Sunanta!"

"Yaya, ki hwaɗi mana," in ji Sahura.

"Ke, ba ki da kunya? Ɗiyar hwari ta."

Barista ya kashe kyamara, ya yi jawabi. Ya ambaci Majalisar Ɗinkin Duniya sau uku. Ya ce alƙalan can ba su san wata kunyar ɗan fari ba, za su rubuta cewa uwar ba ta san 'yarta ba.

Luba ta ɗago. "Ni ce ban san ta ba? Ranar Talata tah hwara suma, ana shirin daka. Sau sha ɗaya kahin la'asar. Ni nig goya ta har Anka, mashin ya lalace hanya, nit taka. Ba ta cin tuwo in da zahi. Mi za su rubuta?"

"Duk wannan ya yi, Hajiya. Amma suna."

Sahura ta zuba mai ruwa a kofi, ta ce, "Ranka shi daɗe, kai ma ai na hwari ne gidanku. Mi Inna ka ce ma?"

Barista ya sha ruwan gaba ɗaya. Ya sassauta igiyar wuyan.

"Wanga yaro," ya ce, da muryar Gummi tsantsa. "Ranar da niz zama lauya ma, cewa tay yi wanga yaro ya gama boko."

Sannan ya ce kotu ta ce da bakin uwa ne, amma ba ta ce dole da mutane a wurin ba. Ya kunna kyamara, ya kwashi takalmansa. Shi da Sahura suka ja Mubina da faifan wakenta zuwa bayan dangar kara, duk suka juya baya, kamar hakan zai toshe musu kunne.

Aka daɗe. Barista na zufa yana duba agogo. Sahura na jin yayarta tana gyara zama, tana tari, tana korar akuyar da ba ta yi mata komai ba.

Can sai murya ta fito, ƙasa-ƙasa, kamar mai roƙon gishiri a maƙwabta.

"Mubina. Mubina Labbo."

Mubina ta aje faifan, waken ya zube. Ta dubi Sahura, ta dubi danga.

"Na'am, Inna?"

"Ba ke ba!" in ji Luba daga ciki. "Da Turawa nike. Tsince wakenki."