Ƙafar da Fada Zai Wanke

Ranar da katikis ya karanta sunan Jethro cikin mutum goma sha biyun da Fada zai wanke wa ƙafa ranar Alhamis Mai Tsarki, kowa a coci murna ya taya shi, ban da matarsa Talatu. Ita kam ta san ƙafar. Shekara talatin mutumin nan yana buga bulo a Sabon Tasha, rabin shekarun ba takalmin kirki. Dunduniya ta yi kaushi ta yi faso, ga wata kanta a tafin ƙafar dama mai kauri kamar ƙanzo. Kuma a gaban bagade za a zaunar da shi, matan zumunta na layin gaba, mutanen da ko ɗankwalinki ne ya karkace sai sun yi mako suna zancensa.

A hanyar gida ta ce, "Baban Phoebe, wannan ƙafar za ka miƙa wa Fada?"

Ya yi dariya ya ce, "To wacce zan miƙa? Ina da wata a ɗaki ne?"

Ita ba ta ga abin dariya ba. Saura kwana goma sha ɗaya. Washegari ta shiga kasuwar unguwar Television, wurin Usman mai kayan kwalliya, ta zayyana masa ƙafar. Ya jera mata abu uku a kan tebur: dutsen goge kaushi, da wani ƙarfe mai kama da magogin kuɓewa, da 'yar kwalbar ruwan magani.

"Mama, dutsen nan za ki ɗauka. A jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, a goga kaɗan kaɗan, a shafa man kaɗanya. Wata guda, sai kin ce ba ita ba ce."

"Wata guda? Malam Usman, kwana goma gare ni."

Ya ɗaga kwalbar. "To wannan cin fata yake yi. Minti biyar a wanke, kada a wuce. Mai ƙafar dai ba shi da ciwon suga ko?"

Shekara shida ke nan Jethro na shan maganin suga. Amma Talatu ta ce a ranta, ina ruwan suga da dunduniya? Ciwon da ke hana mutum shan shayi da cin teba, me ya kai shi ƙafa? Ta dubi Usman ido cikin ido ta ce, "Lafiyarsa ƙalau." Kaico, da bakinta ta faɗa.

Da yamma, da ya dawo daga aiki, ta zaunar da shi a bakin ƙofa, ta wanke ƙafar, ta ɗiga maganin a kan kantar. Minti biyar suka cika.

"Kana jin zafi?"

"Ko kaɗan."

To mu nan, ai maganin da bai yi zafi ba bai fara aiki ba. Haka uwarta ta koya mata, haka ita ma take gaya wa 'ya'yanta in ana gasa musu ciwo. Sai ta ƙara ɗiga masa, ta ɗaure ƙafar da leda don ya ratsa, ta tafi tuƙa tuwo. Da ta kwance bayan awa guda, kantar ta yi fari ta yi laushi. Daɗi ya kama ta, ta ɗauko reza ta shiga fiƙewa. Sai da jini ya gangaro mata a yatsa ta tsaya, shi kuwa yana ta ba ta labarin wani direban tifa, ko gezau. Ashe suga ya daɗe da kashe masa jin ƙafar, shi a zatonsa kaurin kanta ne.

Ta fasa kafso ta barbaɗa garin, ta naɗe da tsumma. Da safe ya zura safa da takalmin roba ya tafi wurin bulo. Kullum ta kwance tsumman sai ta ce ciwon ya fara bushewa, alhali tana ganin ramin yana faɗi. Tsoro ya hana ta gaya wa kowa. Ta shafa man zaitun na addu'a, ta shafa zuma, har azumi ta yi. Ranar Laraba, jajibirin wankin ƙafar, Jethro ya dawo tun kafin azahar yana rawar sanyi. Da ta zare safar, warin ya sa ta ja da baya. Gefen ciwon ya yi baƙi, ƙafar ta kumbura har sama da idon sawu.

Ba ta san lokacin da ta fito titi ba takalmi tana ɗaga wa masu keke napep hannu ba.

A asibiti likita ya duba, ya yamutsa fuska ya ce, "Baba, me aka sa wa ƙafar nan?"

Jethro ya saci kallon matarsa ya ce, "Ƙusa na taka a wurin aiki."

Nan Talatu ta zube a ƙasa, ta zaro kwalbar daga haɓar zani. "Ba ƙusa ba ce, likita. Ni ce. Mai kayan ma ya tambaye ni, na yi masa ƙarya. Don Allah ka ceci ƙafar nan. Da ita yake cin abinci, da ita muke ci."

Likita bai yi mata faɗa ba, kuma da ya yi da ta fi samun sauƙi. Ya ciro biro ya zana layi kewaye da ƙwaurin, daidai inda kumburin ya tsaya. "Za mu sa masa ruwa da allurai. In kumburin ya haye layin nan kafin gobe da rana, sai mun yanke daga ƙasan gwiwa. In ba haka ba, ransa za mu rasa."

Ranar Alhamis tun da gari ya waye idonta na kan layin. Ta auna da yatsa, ta sake aunawa, ta ce wa kanta hasken taga ne ke ruɗinta. Ta roƙi Ubangiji ya ɗauki tata ƙafar, ai ita ba bulo take bugawa ba. Wajen ƙarfe ɗaya kumburin ya wuce layin da faɗin yatsa biyu. Nas ta zo da takarda ta ajiye a gefen gado, ta ce a sa hannu, ta fita ba ta haɗa ido da kowa ba.

Talatu ta durƙusa a ƙarshen gadon, ta rungume ƙafar da hannu biyu, ta matse ta iya ƙarfinta, hawaye na zuba a kan bandeji. Jethro na kwance yana kallon silin, zazzaɓi ya galabaitar da shi.

Ya ce, "Maman Phoebe, kina ina ne? Je ki gaya musu su sallame mu. Ni fa ba abin da ke yi mini ciwo."