Taƙi Uku da Yatsa Biyu

Maigidana Dramani dai ba a yi masa rowar jiki ba. Dako yake yi a kasuwar goro ta Kumasi, kuma huhun goron da mutum biyu ke ciccibawa suna nishi, shi kaɗai yake saɓa shi har yana gaisawa da mutane a hanya. In zai shiga ɗakinmu na Zango sai ya karkace, kafaɗa ɗaya ta fara yin sallama kafin ɗayar ta biyo.

Shekara tara da aurenmu ban ga rigar da ta yi masa wata guda ba ta tsage a tsakanin kafaɗu ba. Ya miƙa hannu, kyat. Ya yi atishawa, kyat. Ni ce mai allura da zare, har yatsana ya yi kanta. Abokan dakonsa, yawancinsu Zabarmawa da Mosawa, suka raɗa masa Ɓarke. Da ya sako kai kasuwa sai su hau leƙa bayansa, wai su ga inda aka buɗe taga yau. A gabansu dariya yake yi, amma ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi na san abin na ci masa rai. Babbar riga tana shigarsa, to amma wa ke dako da babbar riga? Shi abin da yake so, ko sau ɗaya a rayuwarsa ya sa rigar da ta zauna masa a jiki, ya ratsa ta gaban mutanen nan, su nemi abin faɗa su rasa.

Ana saura wata ɗaya azumi, a shekarar sittin da tara, ya ga wani a kan babur a unguwar Adum sanye da jaket ɗin fata baƙa. Ya dawo gida ido na ƙyalli.

"Balki, fata ba ya tsagewa," in ji shi. "Ita zan sa ranar Salla."

"Fata, Maigida? A Kumasi? Inda mutum ke fitowa daga wanka da gumi?"

"Ke ba ki san gayu ba."

Gaskiya ne, ban sani ba. Ni abin da na sani shi ne wanki.

Ya fara da kantunan Adum. Wani Kwara, Balarabe mai kanti, ya bar shi ya gwada mafi girma da yake da ita. Hannu ɗaya ya shiga zuwa gwiwa ya ƙi gaba ya ƙi baya, sai da aka ja da ƙarfi. Kwaran ya raka shi har bakin titi da girmamawa, don ya tabbatar ya tafi. Daga nan ya koma wajen masu gwanjon da Asantawa ke kira obroni wawu, wato kayan Baturen da ya mutu. Wata mai tulin riguna ta dube shi sama da ƙasa, ba ta ma wahalar da kanta da tono ba.

"Papa," ta ce da Hausarta ta kasuwa, "obroni mai irin jikinka bai mutu ba tukuna koraa, ko ɗaya. Ka dawo baɗi."

Ya dawo gida da fushi. Na ce ya yi haƙuri, ba a yi wa mutum fatan mutuwa saboda riga, ko da Bature ne. Bai ci tuwon ranar ba, wato faranti biyu kawai ya ci.

Ni ce na ce ya gwada Baba Seini, kuma na ɗauki alhakin wannan. Baba Seini baduku ne, Bazabarme mutumin Dosso, shekararsa talatin da ɗaya a rumfa ɗaya a bayan masallacin layinmu, yana ɗinka kube da jaka da takalmi da matasan fata. Dogon tsoho ne siriri, amma da hannuwa manya kamar faifai. Bai taɓa ɗinka jaket ba, bai kuma ga dalilin da zai hana shi ba.

"Juya," ya ce wa Maigida.

Baba ba ya awo da tef. Yatsu yake warewa ya yi tafiya da su a jikin abu, taƙi bayan taƙi, abin da ya saura ya cike da faɗin yatsa. Haka ya bi bayan Dramani daga wannan kafaɗa zuwa waccan, ya gangara hannu, yana ƙirgawa da Zabarmanci. Bai rubuta komai ba.

"Dramani, wannan ba riga ba ne, rumfa ne. Fatar akuya bakwai."

Maigida ya washe baki kamar an yabe shi. Aka samo fatu bakwai wajen majema, Baba ya rine su baƙi wuluk, ya soma yanka. Kullum in Maigida ya taso daga kasuwa sai ya biya rumfar ya tsaya a kan tsohon yana kare masa haske.

Muna da mako guda cikin azumi rediyo ta faɗi doka: duk baƙon da ba shi da takardar zama, an ba shi mako biyu ya bar ƙasar. Mu abin bai shafe mu ba, don iyayenmu duka daga garin Wa na arewacin ƙasar suka zo. Amma rabin layinmu ya shafa. Mutanen da suka binne iyayensu a Kumasi suka wayi gari ana tambayarsu takarda.

Washegari da hantsi muka tafi gidan Baba Seini yi musu jaje. Matarsa, Inna Mamunatu, ta fito da turmi da gado da tukwane tsakar gida, masu saye na taɓawa suna yatsina. Idonta ya kumbura. Ni na durƙusa ina ba ta haƙuri. Maigidana kuwa, uban 'ya'yana, ya gaida Baba, sannan ya buɗe baki.

"To Baba, rigana fa?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Inna Mamunatu ta ajiye muciyar da ke hannunta, abin da na gode wa Allah a kai. Shi kuwa Baba Seini ya yi ta dariya har da tari.

"Tun jiya kowa ta'aziyya yake yi mini kamar na mutu," ya ce. "Kai kaɗai ka tuna ina da aiki. Je ka, zan yi abin da ya samu."

Ya kuwa yi. Kwana goma sha biyu ana sayar da gidansa guntu-guntu, shi yana rumfa da azumi a baki yana huda fata da basilla. Inna Mamunatu ta daina amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinta ba. Ranar da motarsu za ta tashi, Dramani bai je kasuwa ba. Shi ya kwashe musu kaya zuwa tasha, sawu biyar, bai bar kowa ya taɓa ko ƙullin tabarma ba. Tashar ta cika maƙil, ana ɗora mutane a kan kaya, ana ɗora kaya a kan mutane.

A jikin motar Baba ya warware wani ƙunshi. Gangar jikin jaket ɗin ce, an gama ta tsaf, har da shafi a ciki. Hannuwa ne babu. Ya miƙa masa ita tare da fatu biyu da suka rage, ba a yanka ba.

"Lokaci bai kai ba. Ka kai wa Osmanu mai takalmi ya sa hannu. Tsawo taƙi uku da yatsa biyu. Kaurin damtse taƙi biyu da rabi. Maimaita."

Maigida ya maimaita sau uku. Baba ya dafa masa kafaɗa, sai da ya yi ɗage kafin ya kai, sannan aka ja shi cikin mota. Ƙaton nan ya tsaya a tasha rungume da fata yana sharɓar hawaye, ni ma ban tsaya ina kallonsa da busasshen ido ba.

Osmanu yana da shago a Ashanti New Town, mutum ne mai kirki, ɗan tsurut, hannunsa bai fi nawa ba. Da muka je ya ɗauko tef daga wuya zai auna hannun Maigida. Maigida ya ja da baya kamar an nufo shi da wuƙa.

"Baba ya riga ya auna. Taƙi uku da yatsa biyu. Damtse biyu da rabi."

"Massa, bari in sa tef small, in gani."

"Ka fi Baba sanin fata ne? Abin da ya ce shi za ka yi. Kar ka ƙara, kar ka rage."

Ina tsaye a wurin. Ina so in ce na hango abin da zai faru, amma ƙarya zan yi. Mu uku, manya, masu azumi, ba wanda ya tsaya ya tambaya taƙin wa ake nufi. Osmanu ya ɗaga kafaɗa, ya shimfiɗa fata, ya ware 'yan yatsunsa ya ƙirga uku da biyu, ya sa wuƙa.

Ana jibi Salla muka koma. Hannuwan sun yi kyau, ba laifi, ɗinki lafiya lau. Da a ce an yi su ne don ɗanmu na fari, da sai godiya. Maigida ya tura hannu, ya tsaya a wuyan hannu. Ya sake turawa, Osmanu ya rufe ido. Sauran fata babu, majeman da suka sayar mana su ma sun bi mota tun makon jiya. Osmanu ya farke ɗinkin a hankali ya cire hannuwan, ya miƙa masa rigar yadda Baba ya bar ta.

Ranar Salla ya sa ta a kan farar singileti. Ba zan ɓoye ba, abin ya ba ni mamaki. Ta kwanta masa a baya luf, ta bi ƙirji, ba inda ta ja, ba inda ta yi sako-sako. Ya miƙa hannuwa gaba, ya ɗaga su sama, shiru kake ji. Ya shafa turare, ya ce daga idi zai wuce bakin kasuwar goro, inda 'yan dako ke taruwa kowace Salla su yi ta tsiya har azahar. Na ce kada ya manta ya juya musu baya da kyau.

Ban gama kwashe tuwon Salla ba na ji sallamarsa. Ya shigo ya zauna a kan benci, gumi na bin damtsensa, bai cire rigar ba.

"Har an watse?" na ce.

"Ba a taru ba."

"Ba wanda ya gan ka?"

"Na ga mutum biyu. Sababbi ne, ba su san ni ba. Ɗaya ya ce mini barka da Salla, Alhaji."

Ya tsura ido ga ƙofar ɗakin da ke fuskantar namu, wanda aka sa wa kwaɗo tun da masu shi suka bi mota makon jiya. Can ya juyo.

"Balki, ke ki faɗi wani abu mana. Ke ba ki rasa abin faɗa."

Na ajiye mara, na zagaya bayansa, na duba daga wannan kafaɗa zuwa waccan. Allah ya sani na nema masa, don na ga yana so. Na duba wuya, na duba hammata, na duba ƙasa.

"Ta yi maka daidai, Maigida," na ce.

Ya gyaɗa kai, ya sunkuyar da shi.