Zakin da ke Bayan Cokali

A shekarar 1975 gwamnatin jiha ta turo Maharazu Landan kwas na shekara biyu, lokacin da arzikin man fetur ya sa kusan kowace ma'aikata tana aika mutanenta waje. Ya taho da matarsa Hansai, suka kama hayar ɗan gida a unguwar Woolwich. Shi yana fita da safe sai yamma. Ita kuwa in ta gama girki sai zama, tana kallon ruwan sama ta taga.

Hansai 'yar maƙerin fari ce. Mahaifinta yana ƙera warwaro da zobba na azurfa a bayan kasuwar Kurmi, kuma a gindin maƙerarsa ta girma, ko da yake ba a taɓa bari ta riƙe guduma ba, don ba aikin mata ba ne. Da za ta taho ya ba ta wani tsohon cokali. Kukun wani Bature ne ya kawo masa shekarun baya a narka, shi kuwa ya ga aikin ya yi kyau da yawa, ya ƙi sa shi a wuta. A bayan cokalin akwai wasu 'yan tambura huɗu da ya kasa gane ma'anarsu. Ya ce mata, "Tunda ƙasarsu za ki, ki tambayo mini."

Sai da ta yi wata biyar kafin ta samu ƙarfin halin tambaya. Wata Asabar a kasuwar Woolwich ta tsaya gaban teburin wata tsohuwar Baturiya mai sayar da tsofaffin kayan gida, sunanta Margaret. Da ɗan Turancinta na firamare Hansai ta miƙa cokalin.

Margaret ta sa gilashin ƙara girma a ido, ta daɗe tana dubawa, sannan ta miƙo mata gilashin.

"Duba da kanki. Me kika gani?"

"Zaki yana tafiya."

"Shi ne shaidar azurfa ce mai kyau, an gwada ta. Na kusa da shi fa?"

"Kan damisa, da hular sarauta."

"To, a nan Landan aka gwada shi. Wancan ƙaramin harafin kuma shekara yake faɗa."

Margaret ta ciro wani littafi da ya sha hannu, shafukansa cike da jerin haruffa. Ta yi bayani cewa kowace shekara da harafinta, in haruffan suka ƙare a sake sabon zagaye da wani salon rubutu, don haka dole a lura da siffar harafin da ta ɗan filin da ya kewaye shi. Hansai ta bi layi da yatsa. Ta fara tsayawa a 1780, Margaret ta girgiza kai ta ce ta ƙara duba gefen filin. Ta sake dubawa, ta koma baya shafi guda.

"1740," in ji Hansai a hankali.

"Haka ne. Saura na huɗu, tambarin wanda ya ƙera. Kin ga haruffan suna cikin fili mai kusurwa huɗu da ke tsaye kan kusurwa ɗaya? A zamanin, mace da mijinta ya rasu ta ci gaba da riƙe maƙerarsa takan yi irin wannan. Ina kyautata zaton daga maƙerar mace cokalinki ya fito."

Hansai ta jujjuya cokalin. Shekara ɗari biyu da talatin da biyar, kuma mace. Ta rasa Turancin da za ta faɗi abin da ke ranta, sai ta shiga taɓa kayan da ke cikin wani kwali a ƙarƙashin tebur don ta ɓoye fuskarta.

"Waɗannan duk shafe ne, ruwan azurfa kawai aka yi musu," in ji Margaret.

Hannun Hansai ya tsaya kan wata 'yar butar madara da ta yi baƙi ƙirin. Ta ɗaga ta, ta ji nauyinta, ta riƙe ta a tafin hannu ta ji yadda ta ɗauki ɗumi nan take, ta ƙwanƙwasa da farce.

"Mama, wannan ba shafe ba ce."

Margaret ta yi murmushin rashin yarda, amma ta ɗauki tsumma da man goge ƙarfe ta murza gindin butar. Baƙin ya fara fita. Can sai ga ƙafar zaki.

Tsohuwar ta ajiye tsumman, ta dubi Hansai sosai. Ta ce shekara talatin tana wannan sana'a, idonta ya fara gajiya, 'ya'yanta kuma ba mai sha'awa. "Ni na san tambura, ke kin san azurfa. Za ki riƙa zuwa ranar Asabar?"

Da yamma Hansai ta kawo wa Maharazu tuwon semolina, ta zauna ta ba shi labari tun daga farko. Ya saurara har ƙarshe.

"Malam, in je?"

Ya ce, "Sanyin kasuwar nan fa ba wasa ba ne."

"Zan iya."

"To sai mu nemo miki kot mai kauri."

Asabar ta gaba tun ƙarfe takwas tana wurin. Margaret ta zube mata cokula goma sha biyu a faranti ta ce ta faɗi shekarar kowanne. Kafin azahar Hansai ta gane bakwai, ta kuskure uku, biyu kuma tamburansu sun goge har ita Margaret ta ce sai dai su yi ta gardama a kansu.