Takardar Magaji

Magaji yana aji biyar na sakandare a Anka lokacin da labarin zinari ya ɓulla a Sunke, garinsu. Ya ajiye littafi ya ɗauki diga. Malamin kimiyyarsu ya biyo shi har gida yana lallashi, Magaji ya ce masa, "Malam, boko ba gudu zai yi ba."

Ya samu kuwa. Ya sayi babur, ya auri Sahura, suka haifi ɗiya mai suna Hure. Kamar kowa, gida yake kawo duwatsun, a daka su a tsakar gida, Hure na rarrafe cikin ƙurar. Da gubar dalma da ke cikin duwatsun ta fara kwasar yara, Hure ta yi ta suma. Ta rayu, amma kanta bai koma daidai ba. Abin da aka koya mata da safe, kafin la'asar ya zube.

Sai da furfura ta fara fito masa ya koma ga karatu. A lokacin kabu-kabu yake yi tsakanin Anka da ƙauyuka. Wani fasinja ya haɗa shi da wata makaranta a Gusau mai koyarwa daga nesa. Malamai su turo darasi ta waya, shi ya yi aikin a takarda, ya ɗauki hotonsa ya mayar. In sabis ya ɗauke, sai ya jira ranar da ya shiga gari. Abokan tasha suka laƙaba masa Furofesa, bai kula su ba.

Hure, da ta zama budurwa, takan zauna gefensa tana sauraron muryar malamai. Ranar da aka zo darasin yadda dalma ke shiga jinin yaro ta hanyar ƙura da hannu, Magaji ya kashe wayar.

"Baba, mi ya faru?"

"Caji ne ya ƙare," ya ce.

Ashe a littafin aji shida abin yake, ajin da bai tsaya ya shiga ba. Ya yi mako bai sake buɗe darasi ba, sai da Sahura ta ce, "Malam, barin karatun ba shi zai warkar da ita ba."

Ya zauna jarrabawar kammala sakandare ta 'yan waje, ya ci. Da ya kawo takardar gida, maƙwabta suka shigo barka, Sahura ta dama fura. Hure ta karɓi takardar a juye, tana shafa hotonsa tana dariya.

"Baba, ni yaushe za a ba ni tawa?"



"In Allah ya so," in ji Sahura, ta janye ta zuwa ɗaki.

Daga baya ya samu aiki a wani ƙaramin asibiti, yana rubuta sunayen marasa lafiya. Mutane na cewa ya yi dace. Shi dai in an faɗa, sai ya ce alhamdulillahi, ya sauya magana.