Wanda Ya Dawo da Ƙafarsa

Wata goma sha huɗu maigidana ya yi ba aiki, har kujerar falo ta lotsa daidai mazauninsa. Da wani kamfanin rarraba magunguna ya kira shi a yi maganar albashi, za a ba shi kula da sito, na yi hamdala na goge masa riga. Shi kuwa sai ya tafi neman shawara wurin kawunsa, dillalin tsofaffin motoci, mutumin da bai taɓa karɓar albashi ba tun da uwarsa ta haife shi.

"Ɗana," in ji Kawu, "ko nawa suka faɗa, ka ce albarka, ka kwashi takardunka ka kama hanya. Kar ka waiwaya. Mai so shi ke kira. Shekara talatin ina ciniki, ba wanda ya taɓa bari na kai bakin ƙofa."

Na ce, "Baban yara, ofis fa ba kasuwa ba ce." Ya ce in bar maza su yi magana. Na haɗiye, amma raina ya ɓaci.

Abin da ya faru a ofishin kamfanin, can hawa na huɗu, daga baya na tatso shi daga bakinsa, da kyar.

Manaja ya ce dubu ɗari da ashirin, ga kuɗin asibiti. Ya fi abin da yake ɗauka a tsohon aikinsa. Amma gogan naku ya miƙe, ya gyara hula.

"Albarka, ranka ya daɗe."

Manaja ya dube shi ta saman tabarau. "To, mun gode da zuwa."

Ya fito yana tafiyar hawainiya. Ya tsaya ya sha ruwa kofi biyu, ba don ƙishi ba. Lif ya buɗe, ya bar shi ya wuce. Ya sake buɗewa, ya sake barinsa. Ya karanta takardar gargaɗin gobara da ke bango tun daga sama har ƙasa. Muryar da ya ji kawai ita ce ta sakatariya tana kiran na gaba. Ya gangara ta matakala, yana hutawa a kowane hawa.

Sai a bakin get ya ji ana gudu a bayansa. "Malam! Malam!"

Ya juyo da murmushi har kunne. Sakatariya ce, tana haki.

"Ai na san za ku neme ni," ya ce. "Ki gaya masa ya ƙara ashirin mu rufe."

"Katin baƙi za ka ba mu, Malam. Ga shi nan a wuyanka."

Ya ce ya fi rabin awa a tashar mota, motoci na wucewa bai shiga ba, don bai san da wane ido zai dubi yara ba. Nan kam na tausaya masa. Ƙarshe ya koma, ya karɓi wani katin, ya jira mutum uku suka gama.

"Ranka ya daɗe, na yi tunani. Na karɓa."

Manaja bai ko ce masa ya zauna ba. "Ɗazu ina tsammanin kana da wani wurin. Yanzu na ga babu. Dubu casa'in."

"Amma ɗazu ka ce..."

"Ɗazu ke nan. In bai yi maka ba, ka riga ka san hanya."

Ya sa hannu.

Washegari da safe sai ga Kawu, ko sallamar kirki bai yi ba.

"Yaya? Sun kira ka?"

"Sun kira ni, Kawu. Har bakin get aka biyo ni."

Kawu ya bugi cinya. "Me na gaya maka!" Ya miƙo tafin hannu. "To, ina la'adata?"

Maigidana ya laluba aljihu, ya juyo a hankali ya dubi jakata.