Ƙararrawar da Na Haɗa a Bani Malik

Shekara shida na yi a Ostiriya ina koyon haɗa ƙararrawar gobara a masaukan masu wasan zamiya kan ƙanƙara. Gidajen katako ne a saman dutse, nesa da gari. Ƙa'idar can ita ce na'ura ta kira 'yan kwana-kwana da kanta da zarar ta ji hayaƙi, ba ta jiran kowa.

Da na dawo Jidda a 1998, Hamad, mai benen da danginmu ke haya a unguwar Bani Malik, ya ba ni aikin gidansa. Na haɗa komai yadda aka koya mini, har da layin waya.

Gwaggo Mairo, ƙanwar babana, tana hawa na uku. Umra ta zo shekara goma sha huɗu da suka wuce, ta zauna tana sayar da tuwo, ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama. Na san haka tun ina yaro.

Wata rana na tarar ta ɗaure na'urar ɗakinta da leda. Na hau kujera na cire.

"Gwaggo, a can korar mutum ake yi kan wannan."

"To Bature. Abin naka in ya yi ihu, wa yake kira?"

"Masu kashe wuta."

"Su kaɗai suke zuwa?"

Na yi dariya. "Halas, ya isa, Gwaggo, ki bar wa masu aikin aikinsu."

Ta bar mini.

Ranar Alhamis bayan la'asar aka yi lallen auren A'i, 'yar Gwaggo. Mata sun cika falo, kasko uku na turaren wuta suna ci. Ƙararrawa ta ɗauka. Kafin na iso daga unguwar Mahjar, motar kwana-kwana ta zo, motar 'yan sanda na biye da ita. An fito da kowa titi. Ba a ga wuta ba, sai aka tambayi takardu.

Mata bakwai aka tafi da su, har da Gwaggo. A'i ta tsira don tana da iƙama ta hannun ubanta. Ta tsaya a bakin ƙofa, lalle bai bushe a hannunta ba.

Bayan kwana huɗu aka bar ni na ga Gwaggo a tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar gida. Na kai mata kaya da maganin hawan jininta. Tun a hanya nake shirya abin da zan faɗa.

Ta riga ni. Ta juya wajen matan da ke bayanta, cikinsu har da shidan da aka kamo tare da ita.

"Ga ɗana Othman. Injiniya ne."

Wata ta ce, "Mun san shi."

Gwaggo ta karɓi jakar ta cikin ƙarafan da suka raba mu.

"Ranar Juma'a za a kai A'i ɗakinta. Kai za ka tuƙa motar. Ka sa manyan kaya, ban da wannan wandon."

Na ce to.